Aljannu A Cikin Littafi, Da Abin Da Masu Karatu Ke Cewa

Tun zamanin da, in an ci tuwon dare an kawar da akushi, yara su kan kewaye tsohuwa a tsakar gida ta yi musu tatsuniya. A cikin tatsuniyar nan akwai Dodo mai cin mutane, akwai ƙwarya mai magana, akwai budurwar da ta ce ba ta auren mai tabo har ta je ta auri abin da ba mutum ba. Yara su kan tsorata su matsa jikin juna, wani ma ya ƙi fita fitsari sai an raka shi. Amma fa tsohuwar ba ta tashi sai ta rufe zancenta da kalmomin nan da kowa ya sani, inda ta kan ɗora wa Gizo laifin ƙaryar da ta shirga. Watau ta shaida wa yara da bakinta cewa abin da suka ji ba gaskiya ba ne, kowa ya je ya kwanta. Har wa yau an hana yin tatsuniya da rana. Saboda haka ƙaryar nan tana da lokacinta, tana da ƙofar shiga, tana kuma da ƙofar fita.

Rubutu kuwa ba haka ya ke ba a wurin mutanen ƙasar Hausa. Abin da aka saba gani a rubuce, ko da Larabci ko da ajami, shi ne Alƙur'ani, da fiƙihu, da tauhidi, da waƙoƙin wa'azi, da wasiƙar sarki, da hukuncin alƙali. Takarda ko a ƙasa aka gan ta sai a ɗauke a soke ta a jikin danga, don kada wani ya taka. Mutum in ya ce a littafi ya gani, to, gardama ta ƙare. Ranar da Dodon tsakar gida ya tashi ya shiga littafi, aka buga shi da inji aka sa masa kuɗi, ranar ce masu karatu suka rabu, kuma har yau ba su gama haɗuwa ba.

Da hannun malamai aka soma abin. Wani Baturen mulki mai suna Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi da labaru masu yawa waɗanda malamai suka rubuta da ajami, ya mai da su boko, aka buga su littafi uku a birnin Belfast tsakanin 1911 da 1913. A 1924 kuma aka buga Dare Dubu Da Ɗaya da Hausa, watau Alfu Laila na Larabawa. Sa'an nan a 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya sa gasar ƙaga labari, ya zaga manyan garuruwa yana roƙon malaman makarantu su rubuta. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa wahalarsa ta fari ita ce shawo kansu su yarda abin ya cancanci a yi, zama a ganinsu ƙaga labari aikin mata ne da yara, bai kamaci mutumin da ya yi karatu ba. Duk da haka aka sami littattafai biyar waɗanda aka shiga bugawa daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin. Biyu na farkon cike su ke da aljannu.

Sai a tuna masu iya boko kaɗan ne a wancan zamani, ba su yawaita ba sai da aka yi Yaƙi Da Jahilci a shekarun 1950. Littafi guda shi ke yawo unguwa. Yaro ɗan makaranta ya zauna a zaure kusa da aci-balbal yana karantawa, manya suna saurare. Mai karatu a lokacin nan ba mutum ɗaya ba ne, taro ne, taro kuwa ba ya yin shiru. Wani ya yi salati, wani ya ja tsaki, wani ya ce a koma baya a sake, wani kuma ya tambaya ko ta wace hanya a ke bi zuwa garin da aka ambata.

Ruwan Bagaja shi ya fi samun karɓuwa, har sunansa ya shiga bakin mutane, a kan ce abu ya zama ruwan bagaja in samunsa ya yi wuya. Labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar gida domin sarki ya kunyata Liman a bainar jama'a, sa'ad da Liman ya ce da za a sami wannan ruwa da ɗan sarki ya warke. Ya yi shekaru yana yawon duniya, daga ƙarshe aljannu suka taimake shi ya samo. Abin lura a nan, in aka tambayi wanda ya karanta littafin tun yana yaro, ba aljannun ya kan fara ambata ba. Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya kan ambata, da yadda shi da Alhaji su ke haɗuwa gari gari, kowa yana ƙulla wa ɗan'uwansa sharri, yau wannan ya sha bulala gobe wancan ya kwana a kurkuku. Aljani a wurin masu karatun nan ba baƙo ba ne da za a tsaya kallonsa. Ɗan Adam mai wayo shi ne abin kallo.

Malaman zaure da suka ji ana karanta shi, waɗansu sun ce ɓata lokaci ne da tara zunubi. Amma wanda ya yi nisa har ya kai Muƙama ta Hariri, da jin Alhaji da Zurƙe ya san inda aka ɗebo su, domin ga Abu Zaidu da Harisu nan a cikin Muƙama suna haɗuwa gari gari, ɗaya yana shirya dabara ɗaya yana gane shi. Abubakar Imam bai ɓoye ba, ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa daga can ya ɗauki tsarin. To, a nan hujjar masu suka ta yi rauni. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, maƙamominsa 50, kuma babu wani Abu Zaidu da ya yi duk abin da aka ce ya yi. Shi ma ya san za a zarge shi da ƙarya, shi ya sa tun a gabatarwar littafin ya kare kansa, ya kwatanta aikinsa da misalan da a ke bugawa a bakin dabbobi, waɗanda ba wanda ya taɓa ɗora wa mai faɗinsu zunubi. Littafin da ɗalibi ke durƙusawa gaban malami shekara da shekaru yana karanta shi don sanin lugga, ashe ƙagagge ne tun daga farko har ƙarshe. Bambancinsa da Ruwan Bagaja shi ne, wancan da Larabci mai wuya aka yi shi, wannan kuwa ko mai tallar goro ya ji ya gane.

Ganɗoki al'amarinsa ya fi wannan nauyi, ya kamata a daɗe a kansa. Bello Kagara bai fara da wata ƙasa ta bayan teku ba. Ya fara da yaƙin da aka yi da Turawa a nan gida, da Sarkin Sudan na Kwantagora Ibrahim Nagwamatse, da garuruwan da kowa ya sani. Kwantagora ta faɗi a 1901, Kano da Sakkwato a 1903, cikin shekarar nan kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Watau sa'ad da littafin ya fito, shekara talatin da 'yan kai ke nan da aukuwar abin. A cikin masu saurare a zaure akwai wanda ya riƙe linzami a ranar, akwai wanda ya ji ƙarar igwa da kunnensa, akwai wanda ubansa ya fita bai komo ba. Irin waɗannan in an karanta rabin farko sai su gyaɗa kai, domin sun san an yi. Daga nan Ganɗoki ya nufi gabas, shi da ɗansa Garba Gagare, labari ya zarce ƙasashen aljannu da dodanni, suna sara suna suka, ba mai iya tsayawa gabansu. Ba a tsaya an ce ga inda tarihi ya ƙare, ga inda ƙage ya soma ba. Ƙofa ɗaya aka bi aka shige.

Me dattijon nan ya ji a ransa? Takobin da bai yi amfani gaban bindiga mai ruwa ba, ga shi a littafi yana sare kawunan aljannu. Dokin da harsashi ya kayar tun bai kai ga abokan gaba ba, ga shi yana keta runduna. Wanda aka ci da yaƙi da rana, an ba shi nasara da dare, a wata ƙasa inda ba Bature. Lalle wannan magani ne ga zuciyar da aka karya, ba kuwa ƙaramin magani ba. Amma yaro da ya ji duka biyun a zama ɗaya, daga baki ɗaya, cikin littafi ɗaya, ba shi da ma'aunin da zai raba Nagwamatse da sarkin aljannu. Ko dai ya gaskata duka, ko kuwa ran da ya yi wayo ya ƙaryata duka, har da abin da kakansa ya gani da idonsa. Ga shi kuma a ƙarshen littafin Ganɗoki ya komo gida ya tarar da mulkin Turawa ya kafu, aka shiga nuna masa amfaninsa. Masu karatun baya, waɗanda suka tashi bayan samun mulkin kai a 1960, da yawansu wannan ƙarshe ya fi ba su haushi bisa ga dukan dodannin da ke ciki.

Raina irin waɗannan littattafai ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. Ibnun Nadim, mai sana'ar littattafai a Bagadaza, wanda ya tsara Fihrisa wajen shekara ta 987, ya kawo labarin littafin Farisawa da Alfu Laila ta samo asali daga gare shi, ya ce ya gan shi cikakke ba sau ɗaya ba, ya kuma hukunta shi da cewa zance ne marar armashi, mai sanyi. Yau fiye da shekara dubu ke nan, Fihrisa sai manyan masana ke buɗe ta, littafin da ya raina kuwa ba harshen da bai shiga ba. A Nijeriya ma an ga irin wannan a Kudu. Amos Tutuola, mutumin Abekuta, ya rubuta labarin wani mashayin bammi wanda mai yi masa ɗibar bammi ya mutu, ya tashi ya bi shi har garin matattu don ya komo da shi. An buga shi a London a 1952 da wani irin Turanci nasa na kansa. Turawa suka yi ta yabo. 'Yan bokon ƙasarsa kuwa waɗansu suka ji kunya, suka rubuta wa mujalla wasiƙu suna cewa Turancin karyayye ne, labarun kuma kowace tsohuwa ta san su, Fagunwa ma ya riga shi rubuta irinsu da Yarabanci tun 1938, kuma Turawa suna yabo ne don abin ya dace da yadda su ke son ganin baƙar fata. A cikin littafin akwai wani kyakkyawan saurayi da budurwa ta bi daga kasuwa, yana tafe yana mayar wa masu su da gaɓoɓin da ya aro, har ya rage ƙoƙon kai kaɗai. Bature ya ga abin al'ajabi wanda bai taɓa ji ba. Bahaushe in ya ji sai ya ce ai wannan mijin ta-ƙi-mai-tabo ne.

Wannan shi ya kawo zancen tsoro. Marubucin Turai da ke rubuta labarin fatalwa, galibi yana rubuta wa mutanen da ba su yarda akwai ta ba. Suna sayen tsoro ne kamar yadda a ke sayen yaji, a ji zafinsa a sha ruwa ya wuce. Mai karatu na nan kuwa ya san akwai aljannu, sura guda ce da sunansu a cikin Alƙur'ani, malamai kuma sun yi littattafai a kan hukuncinsu, kamar Akamul Marjan na Shibli. Saboda haka ba ya tambaya ko akwai su. Abin da ya ke dubawa shi ne ko marubucin ya faɗi daidai a kansu, ko kuwa ya ba su ikon da ba su da shi, kamar sanin gaibu da rayar da matacce. Kuma in ya rufe littafin tsoron ba ya rufuwa tare da shi. Kukar da aka kwatanta tana nan a bayan gari, ga tsamiya a hanyar rafi, ga juji, ga tsohuwar rijiya, gobe da magariba kuma ta nan za a aike shi.

Mafi muni a wannan babi shi ne labarin maita. Dodo ba shi da gida a unguwa, ba wanda za a nuna a ce shi ne. Maye kuwa a cikin labari kullum kamanninsa ɗaya ne: tsohuwa matalauciya, mai jan ido, wadda ba ta da kowa, mai yawan kallon 'ya'yan mutane. Kowace unguwa kuwa akwai mai wannan kama, ba don kome ba sai don tsufa da hayaƙin murhu da rashin gata. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, ya ambaci sunanta cikin magagi, sai a taru a ƙofarta. An sha yin haka, an sha dukan bayin Allah, har rai ya sha salwanta. Ba littafi ya ƙago wannan zato ba, ya girme shi nesa. Amma marubucin da ya zana maye da siffar maƙwabciya ya ƙara wa wutar kara, ko ya nufa ko bai nufa ba.

Akwai kuma wani irin labari wanda ba na aljannu ba ne, ba kuma na fatalwa ba, sai dai ya yi kama da mafarkin mai zazzaɓi. Wani marubuci mutumin birnin Firag, Franz Kafka, ya fitar da irinsa da Jamusanci a 1915, Larabawa suka fassara shi da sunan Al-Maskhu. Wani saurayi ne mai yawon tallar haja, shi ke ciyar da iyayensa da ƙanwarsa, ya farka da safe ya tarar ya rikiɗa ya zama wani ƙaton ƙwaro. Abin da ya fara damunsa shi ne jirgin ƙasa ya wuce shi, zai makara wurin aiki. Bahaushe ya san rikiɗa, ya sha jin labarin mai zama kura da dare. Amma rikiɗa a wurinsa tana da dalili, ko mutum ya yi da kansa ko an yi masa. Tambayarsa ta fari ita ce, wa ya yi masa wannan aiki? Littafin kuwa har ya ƙare bai ce kome ba, ba a yi masa magani ba, ba a yi sadaka ba. Aka rufe shi a ɗaki, ƙanwar tana tura masa abinci, a kwana a tashi ta gaji, uban ya jefe shi har ya ji masa rauni. Ran da ya mutu suka ji an sauke musu kaya, suka fita shan iska bayan gari. Wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa shekara da shekaru, ya kuma san abin da zuciya ke raya wa mai jinya cikin dare, ba ƙwaron ne zai hana shi barci ba.

Bayan Ganɗoki an ci gaba. A 1951 Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne, yara suka karɓe shi kamar ɗan garinsu, ba su damu da inda birnin Kib ya ke ba. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya bi wani baƙo zuwa sararin sama. Cikin shekarar nan ce mutanen Amurka suka sauka a kan wata, dattawa da yawa kuwa suka ce ƙarya ce. Mutumin da bai yi gardamar aljannun Ganɗoki ba, shi ne ya yi gardamar abin da aka ɗauki hotonsa. Ba wauta ba ce. Aljani yana da gurbi a cikin abin da ya sani, tafiya wata kuwa ba ta da shi.

Daga shekarun 1980 littattafan kasuwar Kano suka yawaita. Ko da ya ke na soyayya sun fi yawa, an sami waɗanda a ke kira littattafan yaƙi, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu cike da sadaukai da matsafa da takubban sihiri da birane masu sunayen gabas. Samari su ne masu karanta su. Da yawa daga cikinsu ba a aji suka iya karatun Hausa sosai ba, a kan waɗannan littattafai suka iya, suna haɗa harafi da harafi don su san ko sadauki ya fita daga kogon. Wannan alheri ne, ko wanda ba ya son littattafan ba zai musa ba. Masu suka kuma suna cewa a kan shafe littafi guda ana nuna boka yana yin abin da ya ga dama, sa'an nan a shafi na ƙarshe a karya shi da addu'a cikin layi uku, alhali kuwa abin da ya zauna a kan yaro shi ne shafuffukan farko. Su ma suna da hujja. Su samarin kuwa kukansu dabam ne: sai an zare takobi an ɗaga, marubuci ya ce a nemi littafi na biyu. Ba su san dabarar ta girmi kakanninsu ba, da ita Shaharzad ta tsira da wuyanta dare dubu da ɗaya, tana yanke labari da ketowar alfijir.

Yanzu kuma labarun sun bar takarda sun koma cikin waya. Wani ya karanta da murya ya sa a intanet, a haɗa da kukan mujiya da ƙarar iska, yaro ya toshe kunnuwansa da abin saurare ya ja bargo. Babu taron zaure da wani zai ja tsaki ya ce wannan kam ƙarya ce a yi dariya, babu tsohuwar da za ta kira Gizo ta sallami kowa. Waɗansu masu karantawar ma su kan fara da rantsuwa cewa abin ya faru da gaske a wani gari, don a fi saurare. Uwa tana ɗaki ɗaya da ɗanta, tana jin numfashinsa ya sauya, ba ta san a wane daji ya ke ba, sai can tsakar dare ta ji ya taɓa ta yana cewa ta raka shi bayan gida.